Ƙaramin Ƙauye, Ƙaton Coci: Wa Ya Gina Su, Ina Mutanen Suka Tafi?

Ɗan'uwa, ka ce ranar Asabar kun fita da mota cikin karkarar Norfolk, a gabashin Ingila, kuka riƙa wuce ƙauyukan da ba su kai gida talatin ba, amma kowanne da cocinsa na dutse mai hasumiya, wanda zai ɗauki mutanen ƙauyen har ninki biyar. Wani ma kun gan shi tsaye shi kaɗai a tsakiyar gonar alkama, ba gida ko ɗaya kusa da shi. Kana tambaya wa ya gina su, don wa, kuma ina mutanen suka tafi.

Ka faɗo wurin da abin ya fi yawa, domin a Norfolk kaɗai akwai coci-coci fiye da 650 da aka gina kafin shekarar 1500. Abin da zan fara cire maka daga rai shi ne tunanin cewa an auna girman ginin da yawan masu ibada. Ba a taɓa yin haka ba. Ƙasa da dukiyar da ke fitowa daga cikinta su ne ma'aunin. Sannan ka riƙe wannan: a Ingila ƙauye yana tashi, yana raguwa, yana ƙaura, amma coci ba ya motsi daga inda aka kafa shi.

Lokacin da Paparoma Gregory ya aiko Augustine yaɗa addinin Kirista, ya sauka a Kent a shekarar 597, babu wani abu mai kama da cocin ƙauye. A ƙarni biyu ko uku da suka biyo baya, abin da ake da shi shi ne manyan majami'u 'yan ƙalilan da ake kira minsta, kowacce da rukunin limamai da ke fita rangadi cikin faffaɗan yanki, su yi wa'azi, su yi wa jarirai baftisma, su dawo. Sunan ya maƙale a garuruwa irin su Westminster da Axminster. Mutanen karkara kuwa a warwatse suke, gida biyu nan, gida uku can. Kaɗan ne daga ginin wancan zamani suka rage. Akwai ƙaramin coci a Escomb, arewacin ƙasar, da aka gina wajen ƙarshen ƙarni na 7 da duwatsun da aka kwaso daga kangon sansanin Rumawa na Binchester. A jikin bangonsa akwai dutse mai rubutun wata rundunar Rumawa, magini ya kifa shi kai a ƙasa, don shi dutse yake nema, rubutun bai dame shi ba.

Tsakanin ƙarni na 10 da na 12 aka samu sauyi biyu a tare. Manyan filayen sarauta suka rarrabu zuwa ƙananan gandaye, kowanne da ubangidansa. A tsakiyar ƙasar kuma manoma suka tattaru wuri guda suka zama ƙauye, da manyan filaye biyu ko uku kewaye da su, ba shinge, kowane magidanci da dogayen kunyoyinsa a warwatse cikin na maƙwabta, fili ɗaya yana hutawa kowace shekara. Ubangidan ƙasa da ya isa sai ya gina cocinsa a gefen gidansa, ya naɗa liman da kansa. Wannan ne ya sa har gobe za ka ga coci manne da tsohon gidan mai ƙasa, wani lokaci nesa da sauran gidaje. Nasa ne, kamar yadda injin niƙan ruwa yake nasa.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya sa kowa ke son coci a ƙasarsa shi ne ushiri, kashi ɗaya cikin goma na duk abin da ƙasa ta bayar: dami na goma, ɗan rago na goma, ulu, ƙwai, zuma. Dokar Sarki Edgar, wanda ya yi mulki daga 959 zuwa 975, ta tilasta biyansa, ta kuma ce ubangidan da cocinsa ke da maƙabarta zai iya riƙe sulusin ushirinsa ga cocin nasa, sauran ya tafi tsohuwar minsta. Ka lura da sharaɗin maƙabarta, domin binne mamaci ma hanyar samun kuɗi ce. To da zarar an ce kowace gona tana da cocin da take biya wa ushiri, dole a shata iyaka. Wannan yankin da aka shata shi ne Turawa ke kira farish, mu ce gundumar coci. Zuwa wajen shekarar 1200 an gama yanka ƙasar kusan duka, gundumomi wajen 9,000, kuma da yawa daga iyakokin nan suna nan yadda suke. A inda ƙasa ke da albarka da yawan masu mallaka, kamar Norfolk da Suffolk, gundumomin ƙanana ne, hasumiya na hango hasumiya. A tsaunukan arewa kuwa gunduma ɗaya kan yi faɗin da mutum zai wuni ɗauke da gawa kafin ya isa maƙabarta.

Da yake ba taswira a hannun talaka, sai ya zama kowace shekara a lokacin bazara liman da dattawa su zaga iyakar da ƙafa, yara maza na biye. In an zo kan dutsen iyaka ko wata tsohuwar bishiya, a tsula wa yaro bulala ko a ɗaga shi a buga a jikin dutsen, don in ya tsufa ya zama shaida. Wasu ƙauyuka na yin zagayen har yau, sai dai yanzu dutsen ake duka.

Ƙidayar da Sarki William na Nomandi ya sa aka yi a 1086, wadda ke cikin kundin Domesday, ta ambaci wurare fiye da 13,000, kuma galibin ƙauyukan da ka wuce suna ciki da sunayensu. Mutanen Nomandin nan suka rushe coci-cocin katako suka sake da dutse. In ka ga ƙofa mai baka zagaye da zane kamar haƙoran zarto, aikin ƙarni na 12 ne. Kilpeck, kusa da iyakar Wales, ita ce gwanar wannan salon. Hasumiyoyi masu siffar rumbu da ka gani a Norfolk kuwa, babban dalilinsu shi ne yankin ba shi da dutsen sassaƙa, sai dutsen ƙanƙara, shi kuwa ba ya ba da kusurwa mai kyau.

Ga wani abu da zai taimake ka ka karanta ginin da idonka. Tun ƙarni na 13 aka raba nauyin gyara gida biyu. Ɓangaren gabas, inda bagade yake, wato teburin da liman ke jagorantar ibada, nauyin mai karɓar ushiri ne. Babban zauren da jama'a ke tsayawa da hasumiya, nauyin mutanen ƙauye ne. Sau da yawa mai karɓar ushirin ba limamin da ke zaune a ƙauyen ba ne, wani gidan ruhubanawa ne mai nisa da aka mallaka wa cocin, ya kwashe hatsi, ya ajiye wakili da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Saboda haka za ka shiga coci ka ga zaure dogo, mai manyan tagogi da rufin katako sassaƙaƙƙe, sannan ɓangaren bagade a tsuke, gajere, kamar an ɗinka wa babbar riga hannun 'yar shara. Mutanen gari sun kashe kuɗi a nasu, na nesa ya yi ƙememe. Wannan tsohon nauyi bai mutu ba. A 2003 kotun ƙoli ta lokacin, wato Majalisar Dattawa, ta yanke wa wasu ma'aurata da suka gaji gona a Aston Cantlow hukuncin biyan gyaran ɓangaren bagade na cocin ƙauyen, saboda wani fili cikin gonar asalinsa na mai ushiri ne.

Yanzu ga batun inda mutanen suka tafi. Amsar da kowa zai ba ka ita ce annoba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Baƙar annoba ta shigo ta gaɓar Dorset a 1348, cikin shekara biyu ta kashe tsakanin sulusi da rabin mutanen ƙasar. A cikin hasumiyar cocin Ashwell, a Hertfordshire, wani ya kanƙara rubutu da Latin a jikin dutse, yana cewa ragowar mutane ne kawai suka tsira su ba da shaida. Amma ƙauyukan da annoba ta shafe kai tsaye kaɗan ne. Abin da ta yi shi ne ta rage hannun noma. Lada ya tashi, talaka ya samu bakin cewa zai koma inda ƙasa ta fi kyau, mai ƙasa kuma ya buga lissafi ya ga makiyayi ɗaya da karensa za su riƙe filin da a da sai gida ashirin, ga ulu na tsada. Tumaki ne suka tashi ƙauyuka, musamman tsakanin 1450 da 1520. Marubuci Thomas More ya koka a 1516 cewa tumakin Ingila sun koma cin mutane. An gano kufan irin waɗannan ƙauyuka wajen 3,000.

Wanda aka fi sani shi ne Wharram Percy a Yorkshire, kuma in ka samu dama ka je. Za ka ajiye mota a kan tudu, ka gangara da ƙafa tafiyar kusan minti ashirin ta cikin gonaki, ka faɗa wani kwari shiru. Coci na nan ba rufi, rabin hasumiyarsa ya zube, ga ɗan tafki a kudancinsa. A kan tudun da ke gefe ba abin da za ka gani sai ciyawa mai tudu da kwari. Ka tsaya rana ta yi ƙasa, inuwa ta kwanta, sai ka ga dogayen gidaje sun fito a jere, ga ƙofa, ga hanya a tsakani. Wajen 1500 aka kori iyalan ƙarshe aka rushe gidajensu don kiwo. Cocin kuwa ya ci gaba da aiki fiye da shekara 400 bayan haka, saboda gundumar ba ta mutu ba: mutanen ƙauyukan kewaye suna takowa a ɗaura musu aure, a binne musu mamata. Sai a 1870 Thixendale, ɗaya daga ƙauyukan nan, ta samu cocinta, aka yi ibadar ƙarshe a 1949, hasumiyar ta faɗi a 1959. Masu binciken tarihi Maurice Beresford da John Hurst sun shafe shekara 40, daga 1950 zuwa 1990, suna tono a wurin. Cocin da ka gani a gonar alkama, ko dai irin wannan ne, ko kuma ƙauyen ne ya ja jiki a hankali zuwa bakin makiyaya ko sabuwar hanya, wanda ya zama ruwan dare a Norfolk.

Tumakin da suka tashi wasu, su suka gina wa wasu. A Suffolk da tuddan Cotswold, fataken ulu da masu saƙa suka yi kuɗi na fitar hankali, suka zuba a coci. Lavenham yau ƙauye ce ta masu yawon buɗe ido, amma a farkon ƙarni na 16 tana cikin garuruwan da suka fi arziki a Ingila. Hasumiyarta ta haura mita 40, kuma attajirin tufafi Thomas Spring, wanda ya zuba kuɗi a ginin tare da basaraken Oxford, ya sa an maimaita tambarinsa a jikinta yadda ba mai wucewa bai gani ba. Akwai taƙama a ciki, akwai gasa da ƙauyen gaba, amma akwai tsoro ma. A aƙidarsu ta lokacin, rai yana tsayawa a wani wurin tsarkakewa bayan mutuwa, addu'ar masu rai ce ke rage masa zama. A Long Melford an sassaƙa sunayen masu bayarwa a kewayen bango ta waje, ana roƙon mai wucewa ya yi musu addu'a. Mai irin wannan buƙata ba ya tambayar mutum nawa za su zauna a ciki.

Abin da hoto ba zai nuna maka ba shi ne yadda cikin yake kafin 1530: bango duk zane mai launi, gumakan waliyyai, kyandirori, gilashi mai hoto. Mun san rayuwar irin wannan coci sosai daga Morebath, ƙauyen makiyaya mai gida 33 a Devon, saboda limaminsa Christopher Trychay, wanda ya zauna daga 1520 zuwa 1574, mutum ne mai surutu ko a littafin lissafi. Coci na da garken tumakinsa, an rarraba wa magidanta, kowa ya yi kiwon ɗaya ko biyu cikin nasa, a ƙarshen shekara a karanta a gaban jama'a wa ke riƙe da wace tunkiya, ulu nawa ta bayar. Samari na da asusunsu, 'yan mata na da nasu, kowanne da fitilar da yake saya wa kakin zuma. Ana dafa giya a sayar a gidan coci don tara kuɗin gyara. Kusan kowane magidanci sai da ya riƙe wani muƙami.

Sai guguwa ta taso daga Landan. Henry na Takwas ya raba gari da Paparoma a 1534, ya rufe gidajen ruhubanawa tsakanin 1536 da 1540, ushirinsu ya faɗa hannun masu kuɗi. Zamanin ɗansa Edward aka ce a fitar da gumaka, a shafe zane da farar ƙasa, a daina addu'ar matattu. Shi Trychay ya shafe shekara 20 yana tara kuɗin baƙaƙen tufafin jana'iza na liman, suka iso a 1547, ana dab da haramta amfani da su. Da aka tilasta sabon littafin addu'a na Turanci a 1549, Devon da Cornwall suka yi bore, Morebath ta tura samari biyar da kuɗin coci, aka murƙushe boren da kisa mai yawa. Mutane suka ɓoye kayan coci a gidajensu, suka fito da su zamanin Sarauniya Mary da ta koma bin Paparoma, suka sake mayarwa zamanin Elizabeth da ta sake raba gari da shi. Liman ɗaya ya ga duk wannan, ya bi kowace gwamnati, ya mutu a kan aikinsa. Ni ban ga laifinsa ba, mutumin da ya zaɓi zama da mutanensa.

Abin da ya tsira daga wannan, sai William Dowsing, wanda aka naɗa ya kawar da gumaka, ya bi Suffolk da Cambridgeshire a 1643 da 1644 yana farfasawa, yana rubuta adadin abin da ya fasa kowace rana. Farar ƙasar ma ta yi rana ba da niyya ba. A Wenhaston, a 1892, masu gyara suka cire wasu fararen alluna suka jefar a maƙabarta don a ƙone. Da dare aka yi ruwa. Gari na wayewa sai ga zanen ranar hisabi ya fito, ga ma'auni, ga bakin wuta a siffar ƙaton kifi yana haɗiye mutane.

Daga nan gwamnati ta gane cewa gunduma ce kaɗai hukumar da ta kai kowane lungu, sai ta ɗora mata kaya. A 1538 Thomas Cromwell, babban ministan Henry, ya ba da umarnin rubuta kowace baftisma, aure da jana'iza, a ajiye a akwati mai makulli. Za ka ga irin akwatin a coci da yawa, na itacen oak da ɗaurin ƙarfe, mai kuba uku, ɗaya a hannun liman, biyu a hannun wakilan jama'a, don kada mutum ɗaya ya buɗe shi kaɗai. A 1555 aka ɗora wa gunduma gyaran hanya. A 1601 aka ɗora mata ciyar da matalauta daga harajin da take karɓa. Dokar 1662 ta ce kowane talaka yana da gundumar da ke da alhakinsa, kuma nan muguntar tsarin ta fito: a kan tisa ƙeyar mace mai tsohon ciki marar miji zuwa hayin iyaka, don kada jaririn ya faɗo a kan asusunsu. Har likkafani sai da aka yi wa doka a 1666 da 1678, dole ya zama na ulu don a raya kasuwarsa, wanda ya saɓa tarar fam 5. Saboda haka cocin ƙauye ofishin rajista ne, baitulmali ne, zauren shawara ne. A Eyam ta Derbyshire, da annoba ta shigo cikin ƙunshin tufafi daga Landan a 1665, liman William Mompesson ne ya shawo kan mutane suka killace kansu. Maƙwabta na ajiye abinci a kan dutsen iyaka, su kuma su bar kuɗi cikin ramukan da aka zuba ruwan tsami. Mutum 260 suka mutu, har da matarsa.

Sauran labarin na raguwa ne. Tsakanin 1750 da 1850 majalisa ta yi ta zartar da dokokin shinge filaye, ƙaramin manomi ya rasa makiyaya ya koma ɗan ƙodago, 'ya'yansa suka tafi masaƙun birni. Laxton a Nottinghamshire ce kaɗai ta riƙe tsohon tsarin filayenta. Wani basarake, Joseph Damer, ya tashi garin Milton Abbas ɗungurungum a shekarun 1770 don yana tare masa kallo daga taga. A cikin coci kuma mai ƙasa na da ɗakin zamansa mai ƙofa, wani har da murhu, talaka na can baya. Ba mamaki da yawa suka koma ƙananan ɗakunan ibada na ɗariƙar Methodist, inda mai wa'azi ɗan'uwansu lebura ne. Mutanen zamanin Sarauniya Victoria suka zo da gyara, suka ceci gine-gine da yawa daga faɗuwa, suka kuma kankare tarihi daga wasu, har William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsoffin gine-gine a 1877 don ya taka musu birki. Rajista ta koma hannun gwamnati a 1837, sannan dokar 1894 ta raba harkar mulkin ƙauye da coci.

Yau Cocin Ingila na da gine-gine wajen 16,000, kuma duk da cewa shi ne cocin ƙasa, ba gwamnati ke ɗaukar nauyin gyaransu ba. Nauyin na kan 'yan tsirarun da ke zuwa, galibi tsofaffi, da abin da suka samu na tallafi da sayar da kek da shayi. Liman ɗaya kan riƙe ƙauyuka biyar, takwas, har fiye. Ɓarayi na kwashe darmar rufi. Waɗanda aka daina ibada a ciki, wata gidauniya da aka kafa a 1969 tana kula da fiye da 350.

In ka koma, kada ka tsaya a mota. Yawancinsu a buɗe suke da rana, kuma ba mai tambayar addininka. In ka tarar a kulle, duba allon da ke shirayin ƙofa, sau da yawa an rubuta gidan da makulli yake. Kafin ka shiga ka dubi ƙasar maƙabarta, za ka ga ta fi daɓen cocin tudu, har sai ka taka ƙasa za ka shiga, saboda shekara 800 ana binne mutane a fili ɗaya. A ciki ka nemi allon sunayen limamai, wanda kan fara daga shekarun 1200. Ka sa yatsa a kan 1349 ka ƙirga sunaye nawa ne a wannan shekarar kaɗai.